Igiyar Aure Tsakanin Limami da Hukuma a Zangon Kumasi

Bahaushe ɗaura aure yake yi kamar yadda ake ɗaura igiya, kuma duk inda aka ga ɗauri akwai hannun da ya ɗaura. A Aboabo da Asawasi da sauran unguwannin Zangon Kumasi, hannun nan na limami ne, ga waliyyai, ga shaidu, ga goro. Sai dai aure a ƙasar Gana yana da hannu na biyu, wato na hukuma, kuma gardamar auren jinsi ɗaya ta sa mutane da yawa sun daina rarrabe hannuwan nan biyu.

A ranar 28 ga Fabrairu 2024 majalisar dokokin Gana ta amince da ƙudurin da Sam George da wasu 'yan majalisa suka gabatar tun 2021. Ƙudurin ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda ya bayyana kansa ɗan luwaɗi ko 'yar maɗigo, da shekara 5 ga mai tallata al'amarin ko ɗaukar nauyinsa. Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya goyi bayansa, haka ma manyan majami'u. Ma'aikatar kuɗi kuwa ta yi gargaɗin cewa ƙasar na iya rasa dala biliyan 3.8 daga Bankin Duniya. Shugaba Akufo-Addo bai sa hannu ba har wa'adin majalisar ya ƙare a Janairun 2025, daga baya aka sake gabatar da ƙudurin.

Hukuncin Musulunci a kan wannan aure a sarari yake, babu limamin Zango da zai ɗaura shi. Fargabar masu addini ma ba ta rasa tushe ba. Afirka ta Kudu ta halatta auren jinsi ɗaya a 2006, ta kuma bar wa jami'an ɗaurin aure na gwamnati damar ƙin ɗaurawa saboda aƙidarsu, sai ga shi a 2020 an janye wannan dama. A Amurka, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2015, an tsare wata ma'aikaciya a jihar Kentaki, Kim Davis, kwana 5 saboda ta ƙi ba da takardar aure. Amma a ƙasashen biyu, nauyin a kan ma'aikacin gwamnati ya faɗa, limami da fasto suna nan da ikonsu na cewa a'a. Wannan iko shi ne zuciyar 'yancin addini, kuma sashe na 21 na tsarin mulkin Gana na 1992 ya riga ya lamunce shi.

Balle a Gana maganar ba ta kai can ba. Babu dokar da ta san da auren jinsi ɗaya, sashe na 104 na dokar manyan laifuka ta 1960 yana nan, Kotun Ƙoli ta sake tabbatar da shi a Yulin 2024. Ke nan sabon ƙudurin bai ƙara wa masallaci wata katanga ba. Abin da ya ƙara shi ne ikon hukuma na ɗaure mutum a kan magana da kuma abin da ya kira kansa. Kadinal Peter Turkson, ɗan Gana, wanda cocinsa ma ba ta yarda da wannan aure ba, ya faɗa a 2023 cewa bai kamata a mai da luwaɗi laifin da kotu za ta hukunta ba. Ana iya saɓa masa, amma ya nuna cewa haramta abu a addini daban, miƙa wa ɗan sanda sanda daban.

Mutanen Zango sun fi kowa cancantar yin tsokaci a nan, domin su marasa rinjaye ne. Ƙidayar 2021 ta sa Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari na al'ummar Gana. A shekarar nan ne makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Kef Kwas ta hana wata ɗaliba Musulma azumin Ramadan, aka ce ai al'adar makarantar ce. Hujjar da ake kafawa yau, cewa abin da mafi yawan jama'a suka ƙi shi ne doka, ita ce gobe za a kafa wa mai lulluɓi da mai azumi.

Ga kuma abin da hayaniyar ta binne. Dokar auren Musulmi da ake aiki da ita ta Turawan mulkin mallaka ce, tun 1907. Ta ce sai ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisi sun je gaban jami'in rajista cikin mako ɗaya kafin auren ya inganta a idon hukuma. Mako ɗaya, alhali amarya ko gama tarewa ba ta yi ba! Mafi yawan auren Zango ba ya bin wannan hanya, in ta kai gaban alƙali sai ya nema masa mafaka a ƙarƙashin auren gargajiya. Dokar gado ta 1985 kuma, wadda gwamnatin Rawlings ta kafa, tana raba dukiyar wanda ya rasu bai bar wasiyya ba bisa nata lissafi, ba bisa na mirasi ba.

An shafe shekaru ana kiran a gyara dokar ta 1907, kiran bai samu ko rabin ƙarfin da ƙudurin 2021 ya samu a wa'azi da rediyo ba. Matar da aka ɗaura wa aure a Babban Masallacin Kumasi shekara 30 da suka wuce, ranar da mijinta ya rasu dangi suka tasa gida a gaba, takarda za a nema a wurinta, ita kuwa abin da take da shi shaidu ne, wasunsu ma sun riga mijin tafiya.