Filifins: Wucin gadin da ya shekara hamsin

A shekarar 1974 gwamnatin Ferdinand Marcos ta kafa dokar ƙwadago da ta buɗe ƙofar tura 'yan Filifins aiki ƙetare. An ɗauki matakin a matsayin na wucin gadi, don rage zaman kashe wando da samo kuɗin waje bayan tashin gwauron zabon da farashin mai ya yi. Yau ya zama ginshiƙin tattalin arzikin ƙasar.

A 2023 kaɗai, kuɗin da ma'aikatan jinya, ma'aikatan jiragen ruwa, 'yan aikin gida da sauransu suka aiko ya haura dala biliyan 37, wato sama da kashi 8 cikin 100 na arzikin ƙasa. Hukumomi na yi musu kirari da sababbin gwaraza, har an kafa musu ma'aikata ta musamman a 2022.

Sai dai ƙasar da tukunyarta ke dogaro da gumin 'ya'yanta a waje ba ta iya dogon fushi. A 2018, da aka tsinci gawar wata 'yar aiki cikin firiza a Kuwait, Shugaba Duterte ya hana tura ma'aikata can. Cikin 'yan watanni aka ƙulla yarjejeniya, aka ɗage takunkumin. A 2023 aka sake kashe wata.

Masu yi wa Najeriya sha'awar wannan tsari su lura: dokokin kariya suna rage barna, amma muddin babu aikin yi a gida, mai ɗaukar aiki ne ke da wuƙa da nama.