Gwajin ƙwaya a jami'o'i: abin da fitsari ba zai nuna ba

A watan Yulin 2025, Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, da shugaban hukumar NDLEA, Buba Marwa, suka amince a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya. Iyaye da yawa sun yi na'am, kuma suna da hujja. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi shaye-shaye a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce.

Sai dai idan kuna da ɗa ko 'ya a jami'a, ku sani gwajin fitsari abin da ya shiga jiki kwanan nan kawai yake nunawa. Ba ya nuna dalilin da ya sa yaro ya sha. Haka kuma ba ya kama cacar ƙwallo da ake yi a waya, ko kwana a kan wasan bidiyo, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca da ta wasan bidiyo cikin jerin cututtuka.

A asibiti, yawancin matasan da muke gani ba don neman nishaɗi suka fara ba. Wani ya bar gida karon farko, kaɗaici ya dame shi. Wata ta faɗi jarabawa tana tsoron faɗa wa mahaifinta. Wani an ƙara kuɗin rajista, tsadar rayuwa ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023, ya ga ko caca za ta fitar da shi. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya zaunar da dubban matasa ba karatu ba sana'a. Ga shi kuma sashen ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma yawancin cututtukan ƙwaƙwalwa kafin wannan shekarun suke fara bayyana.

Wanda ke fama da fargaba ko ciwon damuwa, idan ya sha taramol ko wiwi ya ji sauƙi na awoyi, ƙwaƙwalwarsa na riƙe wannan darasi. Da tafiya ta yi nisa, adadin jiya ba ya isar yau, kuma rashin sha ya kan kawo ciwon jiki, zufa da rashin barci. A nan yaro ya daina sha don daɗi, ya koma sha don gudun wahala. Mai caca ma haka yake komawa don ya maido abin da ya rasa.

Mun riga mun ga darasi. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC. Kodin ya yi tsada, amma damuwar da ke kai matasa gare shi ba ta tafi ba, da yawa suka koma wasu ƙwayoyin. Idan sakamakon gwaji ya zama kora daga makaranta kawai, ɗalibai za su ƙara ɓoyewa ne, mu kuma likitoci sai abin ya lalace za mu gan su. Gwajin zai yi amfani ne idan akwai sirri, da mai ba da shawara, da hanyar magani a bayansa.

Kada ku jira makaranta. Ku lura da yawan neman kuɗi ba bayani, sayar da waya ko kwamfuta, barcin rana da farkawar dare, ramewa, faɗuwar sakamako, saurin fushi, ko daina kiran gida. Idan kun ga haka, ku zauna da shi ku biyu, ku tambayi abin da ke damunsa kafin ku tambayi abin da yake sha. Duka, gori da ɗaurin mari ba sa magani.

Abubuwa biyu ba sa jira. Wanda ya daɗe yana shan taramol ko ƙwayoyin barci irin su diazepam, kada a sa shi ya daina rana ɗaya ba tare da likita ba, domin barin ƙwayar barci kwatsam na iya kawo jijjiga. Kuma duk wanda ya ce ya gaji da rayuwa, a kai shi asibiti a ranar. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri.

Kai kuma ɗalibi, idan ka yi ta ƙoƙarin dainawa kana komawa, ba lalacewa ka yi ba. Cuta ce mai magani, kuma tun da wuri ta fi sauƙin warkewa. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.