Alƙalan Oscar Ba Su Kyauta Wa 'Yan Wasa Ba

Sau da yawa, in lokacin rabon lambobin Oscar ya zo a Amurka, finafinan ƙagaggen labarin kimiyya sukan kwashe lambobin sauti da dabarun hoto, 'yan wasansu kuwa su koma hannu rabbana. Fim ɗin Arrival na 1 ga waɗannan ne: a 2017 ya shiga takara fanni 8, amma aka tsallake Amy Adams, wadda labarin duka ke wuyanta. Nasarar Michelle Yeoh a 2023 ba ta wanke alƙalan ba.

Ko mai kallo a Falgore ya san nuna razana gaban halittar da babu ita, sai daga baya kwamfuta ta zana, gwaninta ce. Ya kamata alƙalan finafinan Hausa a Kano su guji irin wannan makanta.