Bodi Ba Shi Ne Mota Ba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen injiniya, wata ɗabi'a ta shigo mana wadda ya wajaba mu tsage gaskiya a kanta, ko da za a ce mun cika baki. Da zarar lokacin aikin kammala karatu ya zo, sai ka ga samari biyar ko shida sun tatsi iyayensu, wai za su ƙera motar tsere. A yanko langalanga, a lanƙwasa, a shafe da jan fenti, a kira masu hoto. To, wane shasi ke ƙarƙashinta? Wane inji? Sai a yi tsit, domin duk abin da aka tsinto a wajen 'yan gwangwan shi aka cusa. Kaico! An fara ginin ɗaki daga jinka.

Mu 'yan Anka da Gummi da Bukkuyum tambayarmu guda ce: shin motar nan za ta kai mu Gwashi da damina? Motar da cikinta ke shafar ƙasa, ramin farko zai raba ta da salansarta. Kuma kowa ya san cewa a yankinmu mutuwar mota a tsakiyar daji ba ɓata lokaci ba ne kawai, tana iya zama sanadin sace mutum ko rasa ransa.

Abin takaicin shi ne, waɗanda muke kwaikwaya ma ba haka suka yi ba. A 1957 Colin Chapman na Ingila ya fito da Lotus Seven, wadda ake sayarwa a wargaje mutum ya harhaɗa a gida. Bai nemi injin a-zo-a-gani ba. Ƙaramin injin Ford ya ɗauka, mai ƙarfin doki wajen 40, wanda kowane bakanike a ƙasarsu ya san cikinsa. Hikimarsa ta tafi ne ga shasin: siraran bututun ƙarfe da aka yi wa walda kusurwa uku-uku, ga ƙarfi ga rashin nauyi. A Amurka kuwa Bruce Meyers, wanda ya soma ƙera motar yawo cikin rairayi a 1964, ƙasan Volkswagen mai siffar kunkuru ya koma gajartawa, da injinta wanda iska ke sanyayawa, ba ruwansa da lagireto. Kowannensu hanyarsa ya duba tukuna, sa'an nan makanikan garinsu.

Saboda haka muna cewa a ɗauko shasin a-kori-kura mai siffar tsani, irin na Hilux, domin tsayinsa daga ƙasa da jurewarsa. A ɗora masa injin Fijo 504, mai silinda huɗu da kafireto. Masana'antar Fijo ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta yi kusan shekara talatin tana harhaɗa wannan mota, har ya zama tsofaffin makanikanmu suna gane ciwon injinta da kunne. Mun yarda shasin yana da nauyi, injin kuma ya tsufa, yana shan mai. Amma ya fi mana wani ƙaton inji mai silinda shida da kwamfuta ke sarrafawa, wanda in ya yi tari sai an ɗauko masani daga Gusau ko Sakkwato. Balle a ɗora shi kan shasin da aka datse aka liƙe a bakin titi, da birkin ƙaramar mota! Wannan makara ce mai taya.

Za a ce mana ai Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, da zane ya yi suna, sa'ad da aka nuna samfurin Chevrolet Volt a 2007. Haka ne, muna kuma alfahari da shi. Sai dai zanensa a kan lissafin injiniyoyi ya zauna, mu kuwa injiniyoyin ne ake koya mana zama.

Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai kada ta sake ba da ko kwabo ga irin wannan aiki sai an kawo zanen shasi da lissafin birki. Malamai kuma kada su ba da maki sai motar ta tashi daga Anka ta isa Gwashi cikin watan Agusta, malamin da ya sa hannu yana zaune a kujerar gaba.