Sana'ar Uwargida: Yadda Baƙuwa Za Ta Gano Shagonki a Google

Maganar wannan wata taki ce, ke da kika buɗe shago a intanet kina sayar da turaren wuta, ko atamfa, ko yaji da daddawa, amma har yau masu sayen kayanki ba su wuce dangi da matan unguwa ba, waɗanda da yawansu ma bashi suke ɗauka.

Hoton da kika ɗora a sitatus ɗin WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai mai lambarki ce za ta gan shi. Ita kuwa hajiyar da ke Abuja ko Legas, da kuɗinta a hannu tana haɗa wa 'yarta kayan aure, ba ta san da zamanki ba. Google za ta buɗe ta rubuta abin da take nema, shagon da ya fito a sahun farko kuma shi zai yi ciniki, don ba kowa ke da haƙurin leƙa shafi na biyu ba.

To yaya Google ke zaɓen wanda zai sa a gaba? Tun da wasu ɗalibai biyu suka kafa kamfanin a Amurka a 1998, dabararsu irin ta gidan biki ce: mai girkin da mata da yawa suka yaba ita ake nema, kuma yabon gwana ya fi na 'yar koyo nauyi. A intanet, yabon shi ne wani shafi ya sa mahaɗin da zai kai mai karatu zuwa naki. Daga baya an yi ta ƙara ma'aunai. A Disambar 2022 kamfanin ya sa gogewa cikin abubuwan da masu tantance masa shafuka ke dubawa, wato ko mai rubutun ta taɓa yin abin da hannunta. A nan kin fi manyan kantuna, don ke ce hayaƙin kasko ya shiga wa ido.

Sai dai shagon da babu komai a cikinsa sai hoto da farashi bai nuna wa Google kin san komai ba. Rubutu yake karantawa. Saboda haka ki samu littafi, ki yi wata guda kina rubuta duk tambayar da kwastoma ta yi miki, har wadda ta ba ki haushi. Mai turaren wuta za ta tara irin su: mene ne bambancin gab-gab da hawi? Me ya sa humra ke barin tabo a farin mayafi? Yaya ake ajiye turare kada ƙamshinsa ya fita? Wanne ya dace da ɗakin da akwai jariri? Kowace tambaya ki ba ta shafinta, ki amsa kamar ƙanwarki ce a gabanki, da hoton da kika ɗauka da wayarki. Idan wani turaren bai daɗewa a jikin kaya, ki faɗa. Wadda kika gaya wa aibin kaya kafin ta biya ita ce ke dawowa.

Na san abin da za ki ce: in na bayyana sirrin sana'ata, wa zai saya? Ba a ce ki rubuta ma'aunin haɗinki ba. Kuma wadda ta karanta irin wahalar wanke farce da soya shi, galibi cewa za ta yi gara ta saya a wurinki.

Daga nan sai ki haɗa shafukan kamar kaza da 'ya'yanta. Babban shafi guda, misali a kan haɗa wa amarya kayan ƙamshi, ya taɓa kowane batu a taƙaice, ya tura mai karatu zuwa ƙananan shafukan, su kuma su dawo da ita gare shi, su nuna mata kayan da ke shagon. Ki tsaya a fanni ɗaya. Shagon da yau turare, gobe takalma, jibi maganin basir, ba a shaidarsa da komai, a kasuwa ne ko a intanet.

Ki kula da kalmomin da mutane ke rubutawa da gaske. Ki fara rubuta "turaren wuta" a Google, ki ga abin da zai ƙarasa miki da kansa. Wannan abin da wasu suka riga suka nema ne. Za ki ga ana cakuɗa Hausa da Turanci, ana kuma rubutu ba tare da lanƙwasar haruffa ba. Ki sa sunan garinki a kanun shafi. In Instagram kike amfani da shi, tun Yulin 2025 abin da shafukan kasuwanci na bainar jama'a suka ɗora yana iya fitowa a Google, don haka ki daina rubuta "sabon kaya ya iso" kawai a ƙarƙashin hoto, ki faɗi sunan kayan.

Abin yana cin watanni kafin ya yi tasiri. Rubutun da kike so ya kawo miki cinikin sallah, tun kafin Rajab ya kamata ya hau.

Za ki haɗu da samari masu cewa ki biya su, su kai ki sahun farko cikin mako guda. Abin da suke yi shi ne watsa mahaɗan bogi a shafukan banza, wanda Google ya fara yaƙa gadan-gadan tun 2012, kuma a Maris na 2024 ya tsaurara doka a kan masu zuba ɗaruruwan rubuce-rubuce marasa amfani, mutum ne ya rubuta ko na'ura. In aka kama, shagonki ne zai nutse, shi ya riga ya ci kuɗinsa. Haka nan kwafo rubutun wata. Kuma don Allah kada ki rubuta cewa kayanki na warkar da sanyi ko kawo haihuwa. A kan batun lafiya ma'aunin Google ya fi tsanani, balle alhakin matar da ta fasa zuwa asibiti saboda maganarki.

Yabo na gaskiya yana kusa da ke. Mai lalle, da mai kwalliyar amare, da telar da kuke aiki tare, in suna da shafi, su ambace ki, ke ma ki ambace su. Kwastomar da ta ji daɗi ki roƙe ta ta rubuta shaida da kalmominta.

Akwai kuma Google Search Console, kyauta ne ga duk mai shafin kanta. Ki sa ɗanki ko ƙaninki ya haɗa miki, ki riƙa dubawa sau ɗaya a wata. Zai nuna miki kalmomin da aka rubuta har aka ga shagonki. Duk tambayar da kika gani a ciki wadda ba ki amsa ba, ita ce rubutunki na mako mai zuwa.