Mu Gina Wa Lissafi Ƙofa



Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da darasin kwamfuta zai wuce koyon buga wasiƙa, ya shiga aikin da zai amfani manomanmu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa. Daga Kiru zuwa Tudun Wada har Doguwa, masara da shinkafa da dawa su ne arzikinmu. To, duk inda amfani yake, akwai lissafi: na taki, na ladan 'yan ƙodago, uwa-uba na zakka.

Mu ɗauki zakka misali. In amfani ya kai nisabi, wato sa'i 300, gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da kashi ɗaya cikin goma, wadda aka shayar da inji kuwa ɗaya cikin ashirin. Mai buhu 40 zai ba da buhu 4, ko kuwa buhu 2. Ɗalibi yana iya rubuta wa kwamfuta wannan umarni cikin layuka kaɗan. Amma umarnin da mai shi kaɗai ya iya sarrafawa, ɗaki ne ba ƙofa. Ƙofar ita ce shafin intanet da Hausa, wanda Baba zai buɗe a wayarsa, ya sa yawan buhuna, ya danna, amsa ta fito.

Da harsunan HTML da JavaScript ake gina irin wannan shafi, kuma dabarar magina ake bi. Magini ba ya sassaƙa sabon akwatin bulo don kowane gida. Haka nan a ƙera gurbin rubuta lamba sau ɗaya, da jerin zaɓi, da maɓallin dannawa, da allon nuna amsa, a adana su. A koya wa gurbin lamba ya ƙi karɓar haruffa. Yau a jera su a yi shafin zakka, gobe a sake jera su a yi na taki, jibi na cinikin hatsi a Kwanar Ɗangora. In an ga aibu a gurbi ɗaya, a gyara shi wuri guda, sauran shafuka duka su gyaru.

Wani zai ce ina wutar lantarki, ina kuɗin data? Gaskiya ne, amma ƙaramin shafi irin wannan ana iya ajiye shi a waya, ya yi aiki ba tare da intanet ba. Sai dai tilas malamin addini da malamin gona su duba lissafin tukuna, domin kuskure a zakka haƙƙin talaka ne.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su raba mana aikin aji-aji, 'yan baya su ɗora kan abin da muka bari, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyaye kuma ku ara mana wayoyinku mu gwada. Allah Ya sa mu dace, amin.