An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ɗalibin Famasi da Warin Sinadarai

Idan ɗalibin da ke fama da asma ko borin jini ya ce yana son karanta ilimin harhaɗa magunguna, shawarar da ya fi ji ita ce ya sauya fanni, domin ɗakin gwaje-gwaje cike yake da sinadarai. Masu wannan shawara suna ganin tausayi suka yi. A gaskiya sun ɗauki laifin ɗakin da ba a gyara ba sun ɗora wa huhun ɗalibi.

Iskar da ke sa mai asma tari tana shiga ƙirjin kowa a ɗakin. Formalin, wanda ake adana gaɓoɓi a cikinsa don darasin sassan jiki, tun 2004 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarinsa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa. Benzin ma yana wannan rukuni, kuma kansar jini yake haddasawa. Kulorofom yana lahanta hanta. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tantance mai lalura kafin ya yi ɓarna. Bambancin kawai shi ne jikin wani yana kuka nan take, na wani kuwa sai bayan shekaru. Korar mai tari ba ta rage tururin da sauran ɗalibai da ma'aikata ke shaƙa.

Maganin kuwa sananne ne, kuma yana da tsari. Ana fara da sauya sinadari mai haɗari da mai sauƙi, sannan akwatin zuƙe tururi mai aiki, sannan rage yawan abin da ake amfani da shi, takunkumi da safar hannu su zo a ƙarshe. Wanda safar roba ta latas ke sa wa ƙaiƙayi yana da ta naitiril. Amurka ta haramta safar likita mai hoda tun Janairun 2017, saboda hodar tana ɗaukar ƙwayoyin latas ta watsa su a iska.

Masu hana ɗalibi sukan yanke hukunci ba tare da gwaji ba, alhali kalmar "alaji" tana ɗauke da abubuwa mabambanta. Ciwon kai daga wari daban, kumburin fata daban, toshewar numfashi mai barazana ga rai daban. Kusan mutum 1 cikin 10 a Amurka yana cewa jikinsa ba ya karɓar fenisilin, amma idan aka gwada, fiye da kashi 90 cikin 100 nasu ba su da matsalar. Likitan ƙirji ko na fata ne ya kamata ya faɗi wane sinadari ne ke cutar da ɗalibi da kuma iya tsananinsa.

Akwai iyaka, kuma ɓoye ta zalunci ne. Wanda garkuwar jikinsa ta riga ta tsani fenisilin, ɗan ƙurar garinsa na iya toshe masa numfashi, don haka masana'antar da ake sarrafa shi ba wurinsa ba ce. Sai dai ƙofa ɗaya ce ta rufu. Digirin dakta a fannin famasi a Najeriya shekara 6 ne, sannan shekara 1 ta koyon aiki. Bayan haka akwai duba takardun magani a asibiti, da bibiyar illolin magunguna, da aiki a NAFDAC, da koyarwa, da kantin magani inda yawancin kaya a rufe suke cikin kwali.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tsaya a kan ƙa'idar cewa gini ake gyara wa mutum. Hukumar kula da jami'o'i da Majalisar Famasi ta Najeriya, waɗanda ke tantance tsangayoyi, suna da ikon tambayar ko akwatin zuƙe tururi yana aiki a ranar darasi, da wuta ko babu. Tsangayar da ke koyar da cewa rigakafi ya fi magani ita ta fi cancanta ta fara da iskar ɗakinta.